Motata mai turbo tana zuƙe mai: laifin injin ne ko na ƙafata?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Wata bakwai da suka wuce na sayi mota 'yar Jamus da aka shigo da ita daga Amurka, ƙirar 2016, mai injin lita 2.0 da turbo. Dillalin ya ce mini fistin huɗu ce, ba ta shan mai. Amma in na zuba lita 60 ina zirga-zirga a cikin garin Katsina, da ƙyar take kai ni kilomita 380. Zuwa Daura da dawowa kuma sai ta ci mini kusan lita 18. Wani bakanike ya ce a cire turbon, wani ya ce a sake saitin ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Me ka gani?

Amsa: Ɗan'uwa, barka kadai. Kafin komai, kada ka bari kowa ya taɓa maka turbon nan da sunan cirewa. An gina injin ne da shi tun daga tushe: matsin fistin, girman nozul, lissafin ƙwaƙwalwa, duk a kansa aka ɗora su. Wanda ya cire shi zai bar ka da mota marar ƙarfi, kuma shan man ba zai ragu ba, domin za ka riƙa danne totur har ƙasa kafin ta motsa.

Na ji daɗi da ka zo da lissafi, domin yawancin masu kawo mini wannan kuka da allurar geji kawai suke zuwa. Lita 60 a kilomita 380 na nufin kowace lita tana ba ka kilomita shida da 'yan kai. Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne, zuwa da dawowa 160, ka ga a kan hanya kana samun wajen kilomita tara a lita. Irin motar nan in tana da lafiya, kuma ana tuƙa ta da natsuwa, abin da na saba gani shi ne takwas zuwa tara a cikin gari, goma sha biyu zuwa sha huɗu a kan babbar hanya. Saboda haka kukanka yana kan hanya. Amma abu ɗaya ka duba mini tukuna: motocin Amurka da mil suke ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. In 380 ɗin nan da ka karanta a allo mil ne, to kilomita 600 da ɗoriya ka yi, kuma motarka lafiyarta ƙalau. Na sha ganin wanda ya kashe kuɗi a gareji a kan wannan ruɗanin kaɗai.

In kuwa kilomita ne da gaske, to sai mu fara daga yadda abin yake aiki, domin a nan amsar take.

Inji ba ya ƙona fetur shi kaɗai, sai da iska. Ma'aunin da fetur ke ƙonewa tas shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, a nauyi. Ke nan yawan iskar da inji ya haɗiya shi ke yanke yawan man da za a fesa masa. Turbo kuwa fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa yana juya ta farko, ta biyun kuma tana tura iska da ƙarfi cikin inji. Dabara ce tsohuwa, wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi rajistarta a 1905, kuma ta shiga motocin hawa a Amurka a 1962. Abin da ya sa ta cika kasuwa a shekarun nan shi ne dokokin hayaƙi da na tsimin mai a Turai da Amurka. Kamfanoni suka rage girman inji suka ɗora masa turbo, shi ya sa za ka ga Mercedes C300 daga 2015, da BMW 328i daga 2012, da Honda Accord ta 2018 duk sun koma fistin huɗu da turbo a matsayin da da can fistin shida ke riƙe da shi.

To ga inda dillalinka ya faɗi rabin gaskiya. Lokacin da ƙafarka ke kwance a hankali a kan totur, hayaƙi kaɗan ke fita, turbo yana juyawa ne kawai ba ya matsa komai, kuma motar tana shan mai kamar kowace ƙaramar mota mai lita biyu. Da zarar ka danna, turbo ya cika, yana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti. In ya ƙara matsin da ya kai na iskar sararin sama a kan wanda ke akwai, injin ya haɗiyi iska ninki biyu, wato lita biyunka ta zama kamar lita huɗu, kuma dole mai ya bi iska. Bai tsaya nan ba. Zafin hayaƙin da ke dukan turbo a wannan hali yana iya haura digiri 900, don haka ƙwaƙwalwar motar takan ƙara fesa mai fiye da wanda zai ƙone, don kawai ya sanyaya fistin da turbo. Ma'aunin nan na 14.7 sai ya sauko wajen 12 ko ƙasa da haka. Wannan ƙarin, kusan kashi ɗaya cikin biyar, yawancinsa ba ya tura motar gaba, fita yake ta salansa. Shi ya sa mota ɗaya, a hanya ɗaya, direba biyu za su ba ka lissafi biyu da ba su ko kusa da juna. A injin da ba shi da turbo bambancin bai kai haka ba, saboda akwai iyakar iskar da zai iya ja da kansa.

Kwanakin baya wani matashi ya kawo mini tasa da irin kukanka. Na jona kwamfuta ban ga wata cuta ba, sai na ce ya tuƙa mu zagaya, ni ina gefe riƙe da na'urar. Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Ƙwaya, 'yar wannan tazarar, sau biyar na ga matsin turbo ya tashi sama. Kowane tashi kuma burki ne ya biyo bayansa, saboda ko Keke Napep ya tsaya ɗaukar fasinja, ko ɗan kabu-kabu ya gitta. Da muka juyo na karɓi sitiyari, na bi hanyar nan dai, na juya masa allon yana kallo. Allurar juyin inji ba ta wuce 2,000 ba, turbo bai matsa ko sau ɗaya ba, kuma bambancin lokacin isowarmu bai kai minti guda ba. Ya yi shiru yana kallon lambar shan mai da ke gaban sitiyari, sannan ya ce shi bai taɓa sanin allon yana nuna wannan ba.

Kai ma motarka tana da wannan allon, mai nuna abin da take sha a daidai lokacin da kake tafiya. Ka buɗe shi ka bar shi a gabanka na sati biyu, zai koya maka abin da ba zan iya rubutawa ba. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin gaggawa, wato fizga da taka burki, yana rage tsimin mai da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari a cunkoso, da kashi 15 zuwa 30 a babbar hanya. A mota mai turbo, ka sa ranka a can sama-saman wannan ƙiyasin. Abin da nake so ka saba da shi: tashi a hankali amma ba da jan jiki ba, bari giya ta hau da wuri, ka riƙa hangen nesa. In ka hango shatale-tale ko shingen jami'an tsaro, ɗage ƙafa tun daga nesa ka bar motar a cikin giya. Motocin zamani suna yanke mai gaba ɗaya in ka saki totur tana gangarawa a giya. Masu jefa ta a firi don tsimi asara suke yi, domin a firi dole a ci gaba da ba inji mai don kada ya mutu. Maɓallin Sport kuma ka bar shi sai ranar da kake bukatarsa, saboda yana riƙe giya ƙasa, yana sa ɗan taɓi kaɗan ya zama fizga. Eco ko Comfort sun ishe ka a cikin gari.

Hanyar Daura kuwa, ina kyautata zaton gudu ne ya ci maka lita 18. Irin motocin nan ba sa nuna gudu a jiki, kana 140 kana jin kamar kana 90. Amma iskar da ke tokare gaban mota tana ƙaruwa ne ninki a kan ninki: daga 100 zuwa 120 ta ƙaru da kashi 44 cikin ɗari, daga 100 zuwa 140 ta kusa ninkawa biyu. A 100 injinka yana tafiya ba tare da neman taimakon turbo sosai ba, a 140 kuwa yana cikin matsi kusan ko da yaushe. Yi lissafin ribar: kilomita 80 a gudun 100 minti 48 ne, a 140 minti 34. Wannan ma in hanyar babu kowa ke nan, alhali dole ka sassauta a Mashi da sauran garuruwan da ke bakin titi, ga dabbobi, ga masu babur. A zahiri abin da za ka tsira da shi bai fi minti bakwai ko takwas ba. Gwada zuwa ɗaya a 100 zuwa 110, ka cika tanki kafin ka tashi, ka sake cikawa a famfo ɗaya in ka dawo, sannan ka raba kilomita da lita. In ka samu 12 ko sama, motarka lafiya lau. In har yanzu tana wajen tara, to akwai abin da ke damunta, kuma ga inda zan fara dubawa.

Na farko, tamostat, 'yar ƙofar da ke hana ruwa zagayawa zuwa lagireto har sai inji ya ɗumama. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai a sana'armu. Da yawa daga cikin 'yan'uwana makanikai, mota na sauka daga Kwatano ko Legas, sai su cire tamostat su haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi, na Turawa ne. An ƙera injin ne ya yi aiki a zafin digiri 90 ko sama da haka kaɗan. In aka hana shi kaiwa nan, ƙwaƙwalwa tana ɗauka har yanzu safiya ce inji bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da ba shi mai mai yawa. Rarar man nan kuma tana wanke jikin silinda ta gangara cikin baƙin mai ta tsinka shi, baƙin man da turbo ya dogara da shi. Duba allurar zafi: bayan minti goma na tafiya ya kamata ta kai wurin zamanta ta tsaya cak. In tana sauka duk lokacin da ka hau babbar hanya, ko kuma fanka na tashi da zarar ka murɗa makulli, an yi maka wannan aikin. A kwamfuta yakan fito da lambar P0128. A mayar da tamostat na asali, a gyara wayar fanka, in lagireto ya toshe a wanke shi ko a sauya.

Na biyu, yoyon iska. Tsakanin turbo da inji akwai tiyo-tiyo da wani ƙaramin lagireto mai sanyaya iskar da aka matsa, wanda muke kira intakula. Zafinmu yana busar da roba, ramukan hanya suna sassauta kilif. In iska na tsiyaya ta wani wuri, sensa, wato na'urar da ke auna iskar, ta riga ta ƙirga ta, an fesa mata mai, amma ba ta isa inji ba. Alamarsa ƙarar huci in ka ba ta wuta, da raguwar ƙarfi, da danshin baƙin mai a bakin wata mahaɗa. Wata mota da aka kawo mini daga wajen Dutsin-Ma, mai ita har ya yi cinikin sabon turbo, da na sa hannu ƙarƙashin tiyon da ke shiga intakula sai yatsana ya shige cikin wata tsaga da ba a gani daga sama. Tiyo ɗaya muka sauya. Ita kanta intakular, ka leƙa ta bayan gaban mota. Bayan hunturu za ka same ta cushe da ƙura da ƙwari da guntayen leda. A wanke ta da ruwa marar ƙarfi don kada haƙarƙarinta su lanƙwashe.

Na uku, sensar iskar salansa da abin da makanikai ke kira indomi, wato matatar hayaƙin nan mai kama da saƙar zuma. Motoci da yawa an fasa an kwashe ta kafin su iso hannun mai saye, saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, a wajen aikin kuma akan lalata sensa ko a yanke wayarta. Sensar gaba ita ce ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko cakuɗin ya yi daidai. In ta mutu, mota na komawa lissafin ko-ta-kwana, wanda kullum ya fi karkata ga yawan mai. Abin takaici, wasu dillalai suna kashe fitilar gargaɗin inji don kada mai saye ya gani. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: in fitilar mai hoton inji ba ta kama tare da sauran ba, an taɓa ta. Ka je inda ke da kwamfuta ta gaske, ka ce a nuna maka lambobin gyaran mai da ƙwaƙwalwa ke yi. In sun wuce kashi goma sama ko ƙasa, akwai dalili, a nemo shi. Goge lambar cuta ba gyara ba ne.

Filogi da baƙin mai zan haɗa su. Injin turbo yana son filogin da kamfani ya rubuta, mai kan iridiyam, da tazarar da aka ƙayyade, kuma yana cinye shi da wuri fiye da injin da ba turbo. Na bogi sun cika kasuwa, kwalinsu har ya fi na gaske kyalli, don haka ka sayi naka inda ka amince. Baƙin mai kuwa, don Allah kada a zuba maka 20W-50 da hujjar zafi. Duba littafin motar, galibi za ka ga 5W-30 ko 5W-40 ko 0W-40 irin wanda ake kira sintetik, tare da lambar amincewar kamfani. Mai kauri yana wahalar da inji wajen juyawa, kuma yana jinkirin isa ga sandar turbo da safe. In ka samu mai alamar API SP, wadda ta fito a 2020, ya fi, domin an tsara shi ne don kare ƙananan injinan turbo daga wata fashewa da ke faruwa kafin lokaci in an danne totur alhali juyin inji yana ƙasa. A ƙurarmu da gajerun tafiye-tafiyenmu, ni ba na barin mota irin wannan ta wuce kilomita 5,000 zuwa 7,000 ba a juye ba. Matatar iska kuma a duba ta duk wata daga Disamba zuwa Fabrairu. Toshewarta ta fi rage ƙarfi a kan ƙara shan mai, amma wadda ta yage ko ba ta zauna daidai ba tana barin yashi ya riƙa cin fukafukan turbo.

Akwai kuma abin da ba laifinka ba ne, ba na bakanike ba. Buɗe murfin tankinka, wataƙila za ka ga an rubuta 91. Wannan lambar okten ce a ma'aunin Amurka, kuma daidai take da wajen 95 a ma'aunin Turai. Okten shi ne juriyar fetur ga matsi da zafi kafin ya fashe da kansa. A can direba yana zaɓa tsakanin famfo uku, a gidajen manmu kuwa fetur kala ɗaya ne. In man bai kai abin da injin ke so ba, sai ya fara ƙwanƙwasa a ciki, wata sensa ta ji, ƙwaƙwalwa ta jinkirta tartsatsin filogi ta rage matsin turbo don ta ceci fistin. Motar ba za ta lalace nan take ba, amma kowace lita za ta ba da aiki ƙasa da nata. Abin ya fi tsananta a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40 kuma iskar da ke shiga inji ta riga ta yi zafi. Abin da ke hannunka shi ne ka riƙe gidan mai ɗaya ko biyu masu yawan ciniki da ka yarda da su, ka guji na 'yan bumburutu sai in dole, kuma da tsakar rana a bazara ka rage danne ta. Wannan ne ma dalilin da ya sa ban goyi bayan shawarar bakanike na biyu ba. Yawancin saitin ƙwaƙwalwa da ake saukowa da su daga intanet an rubuta su ne don ƙarin ƙarfi a kan fetur mai okten 98. Ka ɗora wannan a kan manmu da zafinmu, ka cire wa injin ɗan sararin kariyar da ya rage masa.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna taruwa. Iskar taya ka bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, a auna da safe kafin taya ta yi zafi, kuma ka sayi gejinka na kanka domin na masu faci ba kasafai suke daidai ba. Manyan wili masu faɗin taya suna da kyan gani, suna kuma da nauyi da jan ƙasa. But ɗin mota ba sito ba ne. Esi ba zan ce ka kashe shi a garin nan ba, sai dai ka nemi inuwa wajen ajiyewa, in ka shiga ka sauke gilasai na minti ɗaya zafin ya fita, sannan ka kunna ka sa shi ya riƙa juya iskar ciki. Zaman jira da inji a kunne, a ƙofar makarantar yara ko bakin Babbar Kasuwa, yana cin lita ɗaya zuwa biyu a awa, kuma yana cikin abin da ke sa lissafin cikin gari ya lalace ba a sani ba. Ɗumama mota na minti goma da asuba ba shi da amfani ko a hunturu, daƙiƙa talatin ta isa, sai ka tafi a hankali har allurar zafi ta hau. In ka dawo daga doguwar tafiya da gudu, sassauta a kilomita biyun ƙarshe, ka ba ta kamar minti ɗaya kafin ka kashe, don baƙin mai kada ya ƙone a cikin turbo.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kasuwa ta cika da na'urorin da ake cewa suna rage shan mai: wanda ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, da maganaɗisun da ake ɗaura wa tiyon mai, da ƙwayoyin da ake jefawa a tanki. Na buɗe irin na sokawar nan da hannuna, babu komai a ciki sai 'yar fitila mai ƙyaftawa. Masu tambaya a kan komawa gas kuma su sani cewa injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, kamar naka, ba ya karɓar kayan juyi na gama-gari, yana bukatar nasa na musamman da ma'aikacin da ya san shi.

Ga yadda zan so ka bi abin. Wannan satin ka tabbatar da mil ne ko kilomita, ka daidaita iskar taya, ka yi gwajin Daura a 100 zuwa 110. Sati mai zuwa ka sa a jona kwamfuta a duba zafin ruwa, da lambobin gyaran mai, da matsin turbo, da yawan jinkirin tartsatsi, ka ɗauki hoton allon da wayarka. Ka turo mini hoton tare da lissafin cika tanki biyu a jere, daga nan zan iya gaya maka ko tamostat ne, ko tiyo, ko sensa.